Faifan da Na Miƙa wa Abbanku

Amira, ke ce kika dawo daga sunan da aka yi a Largo kika tare ni a kicin da Turancinki mai sauri, wai gaskiya ne ni na hana Abbanku zuwa ya ga mahaifiyarsa kafin ta rasu. Ban amsa miki ba, na ce ki je ki cire kayan fita. Ba ƙin amsawa na yi ba, ban dai san maganar ta sauko har kunnen yara ba. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku, ke da Sadik, da ɗan bokon da na samu a firamaren Malumfashi. In kun girma kun iya karanta Hausa ku karanta da kanku. In ba ku iya ba ku ba Abbanku ya karanta muku, don babu abin da zan faɗa a nan da bai sani ba.

Shekarar da abin ya faru ke ba ki daɗe da shiga makaranta ba, Sadik kuwa yana goye. Muna wannan gidan na Landover, kusa da Washington, hawa na biyu. Abbanku yana aiki a ofishin gwamnati a Largo, yana zana taswirar hanyoyi da magudanan ruwa a kwamfuta. Wata safiya yana shan shayi a tsaye, ya riga ya sa takalmi, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya bi shi da ido kamar ba shi ya riƙe ba. Ya juyo zai kira ni, na ga bakinsa ya karkace, abin da ya fito kuma ba sunana ba ne, ba sunan kowa ba ne. Ni da ban iya Turanci ba, na fita ba ɗankwali na dinga dukan ƙofar maƙwabciyarmu 'yar Habasha har ta buɗe, ita ta kira motar asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki, ɓarin dama. Mutumin da bai kai arba'in ba.

Ni na san wannan ciwon, ba sai an fassara mini ba. Shi ya kwantar da kakanku a Malumfashi. Ina amarya na same shi a ɗakin nan na kusa da zaure, ana juya shi, ana shafa masa mai, ana kawo rubutu da saiwa, kowa yana ƙaunarsa, ba wanda ya gaji da shi, amma bai ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Duk lokacin da na rufe ido a asibitin nan, ɗakin nake gani, sai dai wanda ke kwance a ciki Abbanku ne.

Da aka sallame mu baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗagawa kaɗan, amma yatsun ba sa kama komai. Hagun kuwa lafiyarta lau, shi ne ya ƙi taɓa komai da ita. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba, kuna ganin 'yan ajinku suna rubutu da hagu ba wanda ya damu. Mu tun muna rarrafe ake make mana ita in mun miƙa. Ba a ci da ita, ba a karɓa da ita, ba a gaisawa da ita. Limaminmu ya zo dubiya ya gaya masa lalura ce, ba laifi, Abbanku ya ce to, Malam, Allah ya saka. Yana fita ya ture kwanon. Ni nake ba shi abinci a baki, sai na rufe ƙofar ɗaki don kar ki gani. Ofis sun ce za su riƙe masa gurbinsa na ɗan lokaci in zai iya komawa kan kwamfuta. Kwamfutar tana kan tebur, ko buɗe ta bai yi ba.

Akwai wata ma'aikaciya a asibitin mai koya wa masu irin ciwonsa motsa jiki, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato ce, Kirista, ga Hausa ga surutu. Ta yi ta fama da shi ya ɗauki ƙwallo da hagu, ya ƙi. Wata rana muna shirin tafiya ta zaro wani faifan roba daga jakarta, kamar murfin bokiti, launinsa ya koɗe, gefensa duk tabo.

"Oga, ga wannan. Ba abinci ba ne, ba gaisuwa ba ce. Jifa ne. Ko a garinku ai ba a hana jifan kare da hagu ba."

"Sista, wasan yara za ki ba ni?"

"Je ka fak ɗin bayan unguwarku ka ga yaran. Wasu sun girme ka da furfura."

Haka kuwa muka tarar. Fili ne mai itatuwa da rafi ta hannun dama, an kakkafa wasu kwanduna na ƙarfe a kan sanda, sarƙoƙi na rataye a samansu. Wasan shi ne ka tsaya daga nesa ka jefa faifai, inda ya faɗi ka je ka ɗauka ka sake jefawa, har ya shiga kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Ga tsofaffin Turawa da baƙaƙe da jakunkuna a baya, suna yi kamar aikin ofis. Abbanku ya tsaya yana kallo. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba Bahaushe ko ɗaya. Sai ya karɓi faifan daga hannuna, da hagu, ya wurga. Bai yi nisa ba, ya yi ta wutsil-wutsil ya faɗi. Amma ranar ce ta farko da na ga ya yi wani abu da hannun nan tun da ya kwanta. Daga nan kusan kullum in mun kai ki makaranta can muke wucewa. Yana jifa, ni ina goye da Sadik ina ɗaukowa.

Yanzu sai in gaya muku waye Baffa Bashir, don kar ku ɗauka mugun mutum ne. Shi ne babban wan Abbanku, shi ya riƙe shi tun yana sakandare, shi ya kawo shi ƙasar nan. Yana koyarwa a jami'a a cikin Washington. Ranar da abin ya faru a ƙasan asibiti ya yi sallar la'asar yana kuka, na gani da idona. Abbanku bai taɓa zama a kujera ɗaya da shi ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ana magana ba. Da Baffa ya ji ƙaninsa na fita wasa, murna ta sa ya aiko da jaka guda cike da sababbin faya-fayai masu sheƙi, masu nauyi, bakinsu siriri kamar an wasa. Ya ce ya shiga kanti ya ce a ba shi irin na gwanaye, waɗanda suka fi kowanne nisa. Shi a zatonsa hannun dama ake farfaɗowa da su, kuma ba wanda ya gyara masa zaton. Abbanku ya sa ni na ajiye tsohon faifan Sista a saman firij, don kyautar yaya ba a haɗa ta da tarkace.

Daga ranar komai ya lalace. Duk wanda ya jefa, da ya bar hannunsa sai ya kwanta ta dama ya nutsa kamar an harbo tsuntsu. Rabinsu a cikin rafi nake tsamo su, zanena ya jiƙe har gwiwa. Ya shiga kallon bidiyon gwanaye a waya, ya ji suna cewa ka nufi dama da kwando kaɗan, faifan zai karkato ya dawo. Yana nufar dama, faifan yana ƙara yin dama. Ya fara cewa hagun ma ta fara mutuwa. Ni kuma da na ji haka sai na daina barci, ina lura da yadda yake ɗaga hannun, ina cewa ko ciwon ne zai haye ɗaya ɓarin. A lokacin ne Baffa ya fara maganar gida. Ya ce Inna, kakarku, kullum kuka take a waya tana son ganin ɗanta, ya ce maganin Bature ya yi iyakarsa, a je a gwada na gida da addu'a, mu tattara gaba ɗaya mu koma Malumfashi. Likita kuwa ya riga ya gaya mana kar a yanke motsa jikin nan, kuma kar ya hau doguwar tafiyar jirgi sai jinin ya zauna. Abbanku ya ce to, Yaya, yadda ka ce.

Ni ba abin da na sani a wasan nan sai ɗauko faifai. Amma mai ɗaukowa tana ganin abin da mai jifa ba ya gani. Na lura duk sanda zai saki sai ya sunkuya, don yana tsoron ƙafar dama ta yaudare shi, in ya sunkuya kuma gefen faifan na waje sai ya yi ƙasa. Na kuma lura tsofaffin nan na fak nasu ta hagu yake ƙarewa, nasa kaɗai ne ta dama. Ban san ma'anarsa ba, kuma ba zan iya buɗe baki in gyara wa Abbanku tsayuwa ba. Sai na kira Sista Rifkatu ina kuka, na ce ta zo ta duba, ina jin ɗaya hannun ma zai tafi. Ta zo ranar Asabar da wandon motsa jiki. Ta tsaya a bayansa ya yi jifa biyu, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ni ina tsaye ina hawaye, ita tana dariya.

"Maman Amira, share hawayenki, hannun nan ƙalau yake. Oga, wa ya ce ka nufi dama?"

"Haka gwanayen suke cewa."

"Gwanayen da wane hannu suke jifa? Nasu juyawarsa daban, naka daban. Na mai dama yana ƙarewa ta hagu, naka zai ƙare ta dama. Hagu da kwando za ka nufa. Kai fa bahago ne yanzu."

Wallahi da ta mare shi da ya fi sauƙi. Fuskarsa ta canza, ya sa faifan a ƙasa, ya tafi ya zauna a kan benci ya juya mana baya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ɗan abin da ya rage. Sista ba ta bi shi ba. Ta durƙusa tana zaro faya-fayan Baffa ɗaya bayan ɗaya, tana magana da ƙarfi kamar da ni take, alhali da shi take. Ta ce masu siririn baki da nauyi na ƙarti ne masu ƙarfin hannu, in ba a jefa su da gudu sosai ba sai su kwanta tun da wuri, ko ita ba ta iya su. Ta ce wanda ta ba shi mara nauyi ne, mai kaurin baki, kuma dukan itatuwan da ya sha shi ya sa yake tafiya a miƙe ko da ƙarfi kaɗan, sabonsa ma ba zai yi haka ba. Ta ce a tsaya a miƙe, nauyin jiki ya sauka a ƙafar hagu mai lafiya, a ja faifan ta gaban ƙirji, a sake shi a shimfiɗe kamar za a ɗora tire a kan tebur, kar gefensa ya yi ƙasa, kar gabansa ya kalli sama. In ana so ya lanƙwasa da gangan don a kauce wa itace, to nan ne ake karkatar da shi, amma wannan sai an ƙware.

Daga kan bencin, bai juyo ba, ya ce:

"Yayana ne ya saya mini su."

"Allah ya saka masa. Ajiye su sai hannunka ya yi ƙarfi. Ina tsohon?"

Na ce yana saman firij. Washegari Abbanku da kansa ya ce in ɗauko shi. Makonnin da suka biyo baya na ga abin da ban zata ba. Faifan yana tafiya a miƙe, ya yi nisa, sai can ƙarshe ya ɗan jingina dama ya sauka a hankali. Ya daina sunkuyawa. Wata rana na shigo daga wanki na tarar ya buɗe kwamfuta yana jan layi da hagu, yana ganina ya rufe, na yi kamar ban gani ba. Amma duk sanda Baffa ya kira ta bidiyo, jakar sababbin nan ce a gefensa, hannun hagu kuma yana ƙarƙashin filo.

Sai Baffa ya ce zai zo ya gani da idonsa. In hannun yana dawowa a ƙara haƙuri, in ba ya dawowa bayan Sallah mu tafi. Ya zo ta jirgin ƙasa na Metro, muka haɗu a fak, ke kina makarantar allo ta Asabar, Sadik na bayana. Da za mu fita Abbanku ya ce in ɗauko jakar Yaya kawai. Na ɗauko. Tsohon faifan kuma na cusa shi a jakar kayan Sadik, ƙarƙashin famfas. Ban san me zan yi da shi ba, hannuna ne kawai ya ƙi barinsa.

Baffa ya zaɓi wani ja mai ƙyalli, ya sa shi a hannun dama na Abbanku, ya naɗe masa yatsun a kai da nasa hannun.

"Bismilla, Nasiru. Nuna mini."

Na zuba ido in ga zai ce wani abu. Ya ɗaga hannun da ƙyar, faifan ya zame ya faɗi a kan takalminsa. Baffa ya sunkuya ya ɗauka ya sake naɗe masa. Ya sake faɗuwa. Na uku har ya yi tangaɗi zai kife, Baffa ya tare shi da ƙirji. Mutumin da jiya-jiya na ga ya kai faifai har gindin kwando, ga shi yana tsaye kamar wanda bai taɓa riƙe komai ba, kansa a ƙasa, ya gwammace a mayar da shi ɗakin nan na kusa da zaure da ya ce wa wansa ba haka ba ne.

Baffa ya share ido da hularsa.

"Ya isa. Ya isa, ɗan'uwana, kar ka wahalar da kanka. Gida za mu. Inna ta gan ka, ka gan ta."

Ban taɓa tsoma baki a maganarsu ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar ma ban yi magana ba. Na buɗe jakar Sadik, na zaro tsohon faifan, na taka har gabansu, na durƙusa, na miƙa shi da hannu biyu ta ɓangaren hagun Abbanku. Sadik ya farka a bayana. Baffa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Hadiza, mene ne wannan?"

Ban ɗago ba. Ina kallon takalman Abbanku, ina cewa a raina in bai karɓa ba ban san da wace fuska zan tashi ba. Sai na ji an zare faifan daga hannuna.

Ya juya kafaɗarsa ta hagu wajen kwandon, ya miƙe tsaye sosai, ya nufi hagu da shi kaɗan, ya ja ta gaban ƙirji ya saki. Faifan ya tafi a shimfiɗe, shiru, ya ratsa tsakanin itatuwa biyu, ya yi ta tafiya, can ya jingina ya sauka kusa da sandar kwandon. Wani tsohon Bature da ke jiran layi ya tafa. Baffa bai ko dubi inda ya sauka ba. Hannun yake kallo.

"Da hagu, Nasiru?"

"Da hagu, Yaya."

"Wata nawa ina gaya wa Inna hannunka na dawowa, ashe wannan ne? Ina waɗanda na saya maka? Ko su ma ba su kai wannan tarkacen ba?"

"Sun fi shi, Yaya. Ƙarfina ne bai kai su ba." Ya ɗago kai, ranar na fara ganin ya dubi wansa ido cikin ido. "Dama ba za ta dawo yadda take ba, likita ya gaya mini tuntuni, ni na kasa gaya maka. Da wannan zan ci abinci, da ita zan koma aiki. In jinin ya zauna zan je in ga Inna da ƙafata. Amma kwanciya ba zan je in yi ba. Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan tafi ba."

Baffa ya gyara hularsa, ya juyo gare ni ina durƙushe har lokacin. Shi da kullum ƙanwata yake ce mini, ya ce:

"Sannu da aiki, Madam."

Ya bi hanyar tasha. Tun daga ranar bai ƙara hawa benenmu ba. Inna kuma ta rasu da damina, kafin likita ya ba Abbanku izinin hawa jirgi. Ta waya aka nuna masa makara. Wannan shi ne abin da kika ji ana faɗa, Amira, kuma ba zan ce miki ƙarya suke ba gaba ɗaya. Da ban miƙa faifan nan ba da ya gan ta.

Amma a ranar ba mu san da wannan ba. Da Baffa ya ɓace a bayan itatuwa, Abbanku ya zauna daɓas a kan ciyawa, jikinsa duk yana karkarwa, na zata ciwon ne ya dawo, na fara laluben waya. Ya riƙe mini hannu.

"Ba komai, Dije. Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba."

Muka zauna a haka, Sadik yana kuka ba wanda ya iya rarrashinsa. Can ya ce in ba shi wayar. Ya ɗora ta a cinya, ya lalubo lambar ofishinsu da babban yatsan hagu. Asabar ce, ba kowa, sai na'ura ta ɗauka. Ya gyara murya ya faɗi sunansa, ya ce su sa ran ganinsa ran Litinin.